Ranar da Kakanku Ya Shanya Jita

Akwai wata magana da take yawo a gidan nan wadda nake so in kashe ta da hannuna tun ina da sauran numfashi. Ranar sunan ɗan Sadiq ina kishingiɗe a falo, ana zaton barci nake, na ji 'yar'uwarku Zainab tana gaya wa matar ƙaninta wai ai Baba mutum ne mai zafi, ya taɓa korar Kaka daga gidan nan saboda jita. Na buɗe ido na dube ta, ban tanka ba, don taron suna ba kotu ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Dukanku kuna makarantar kwana lokacin da abin ya faru, kun dawo hutu kun tsinci guntun labari a bakin maƙwabta, kowa ya ƙara masa gishiri daidai bakinsa. To ku zauna ku ji yadda aka yi.

A shekarar da tashin hankali ya watsa mutanen gabas, garin su mahaifiyarku yana cikin waɗanda aka tasa. Mun daɗe ba mu san ko mahaifinta yana raye ba. Daga baya wani ɗan garinsu mai tuƙa Keke ya ce ya gan shi a Kuchigoro, inda 'yan gudun hijira suka kafa bukkokin tamfol. Muka je muka same shi a zaune a kan bulo, ya rame, yana tari, ba shi da komai sai riga ɗaya da buta. Da ƙyar mahaifiyarku ta shawo kansa ya biyo mu Karu, don a ganinsa namiji ba ya tarewa a gidan 'yarsa. Muka gyara masa ɗakin da yake jikin nawa, likita ya ɗora shi a kan magani, ya fara maida jiki.

Ku 'yan yanzu ba ku san surukuta ba. Na ga mijin Zainab yana cin tuwo kwano ɗaya da ni, har yana tambayata ko zan ƙara nama. Ni da kakanku ba haka muke ba. Da safe in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon bango. Ba na cin abinci a gabansa, ba na dariya da ƙarfi in yana tsakar gida. In ina da magana sai in gaya wa mahaifiyarku ta kai, in yana da ita ya gaya mata ta kawo. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma ina son tsohon nan har raina. Abin da yake damunsa shi ne zaman banza. A garinsu makaɗin ganga ne, wanda ba a biki sai da shi, kuma gangunansa a rataye ya baro su ranar gudu. Mutumin da ya saba a neme shi, ga shi an ajiye shi ana kai masa shayi. Sai ya shiga neman abin da zai yi mana. Ya ƙwace tsintsiya daga hannun mai aiki. Ya yi ta ba furannin mahaifiyarku ruwa safe da yamma, a tsakiyar damina, har suka ruɓe. Ba wanda ya iya hana shi.

Ita kuwa jitar, ta yayana ce, marigayi Yaya Sale, wanda ba ku tarar ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini ɗora yatsu a kanta muna samari a Zariya. Da ya rasu aka raba 'yan kayansa, ban nemi komai ba sai ita. Wurin da hannunsa yake gogawa a fuskarta har fentin ya koɗe, kuma a daidai nan nake ɗora nawa. Ni ba gwani ba ne, ma'aikacin gwamnati ne da ya ƙare rayuwarsa cikin fayil. Amma in na dawo daga ofis raina a jagule, nakan rufe ɗaki bayan la'asar in ɗan taɓa ta, sai in ji kamar Yaya Sale yana zaune a gefen gado. Bayan zuwan kakanku na rage sauti sosai saboda kunya. A zatona ba ya ji.

Dole in yi muku bayanin katako, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Fuskar jita, wato allon gaba mai rami a tsakiya, siririn katako ne ƙwarai, bai fi kaurin kwali ba, kuma shi ne yake ba da murya. A kansa aka manne wani ɗan katako da tsirkiyoyi suke kamawa, irin wanda masu garaya suke kira jaki, kuma duk ƙarfin jan tsirkiya a kansa yake ƙarewa. Katako ko an sare shi an fafe shi bai daina shan ruwa ba. Kun san daminar Abuja: ƙofar banɗaki ta ƙi rufuwa, gishiri ya jiƙe a gwangwani, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. To haka fuskar jita take shan laimar iska ta kumbura, ta yi tumbi a bayan jaki, tsirkiyoyi su ɗaga sama su yi wuyar dannawa, muryarta ta toshe kamar mai mura. Kowace shekara haka take yi mini. Maganin ba komai ba ne sai haƙuri. A sa ta a akwatinta, a bar ta ta sauka a hankali in ruwa ya ɗauke. Abin da katako ba ya yafewa shi ne a fizge shi daga danshi zuwa bushewa lokaci guda, don waje zai tsuke ciki bai shirya ba.

Ashe duk wannan lokaci kunnen tsohon yana jikin bango. Mahaifiyarku ta gaya mini daga baya cewa ya taɓa tare ta a kicin.

"Abin kiɗan mijinki ya sha sanyi," ya ce mata. "Ba haka yake magana ba da na zo."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, kai da kunnenka."

Ta ɗauka hira ce, ba ta kawo mini ba. Ni ma da ta kawo, dariyar zan yi.

Wajen ƙarshen damina aka yi kwana da kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, sannan wata safiya gari ya washe, rana ta fito da irin zafin nan mai cizo. Ranar muna da ɗaurin auren ɗan abokin aikina a Uke, muka fita da hantsi ni da mahaifiyarku. Jitar tana jingine a bangon ɗakina, ƙofa a buɗe don iska ta shiga. Ba mu dawo ba sai gab da la'asar. Ina shigo da mota na hango wani abu yana ƙyalli a kan kwanon ɗakin janareto. Na taka birki na tsaya ina kallo, ƙwaƙwalwata ta ƙi karɓar abin da idona yake gaya mata. Jitar Yaya Sale ce a kwance, fuskarta tana kallon sama, a kan kwanon da in ka fasa ƙwai zai soyu. Kakanku yana zaune a inuwar mangwaro yana gadinta, kuma tunda ya zo gidan nan ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba.

Ya miƙe da sauri. Ranar ce farko da ya yi mini magana kai tsaye, ba ɗan aike.

"Alhaji, na shanya muku ita. Tun hantsi take sha. Haka muke wa ganga in ta yi sanyi, a ba ta rana, fata ta ɗaure, murya ta dawo."

Gaskiya ya faɗa, haka ake wa ganga. Duk makaɗi ya sani, in laima ta saki fata sai a kai ta rana ko a kara ta a wuta. Shekara da shekaru yana yin haka bai taɓa kuskure ba. Ina zai san cewa wannan fuskar ba fata ba ce? Na je na sa hannu, zafi ya sa na janye, sai da na naɗe hannun babbar riga na sauko da ita. Fentin ya yi ƙuraje, tana warin gam da ya dahu. Shi kuwa ya matso yana murmushi.

"Bari ka ji," ya ce.

Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa fuskarta, yadda ake gwada ganga. Sai muka ji ƙas! Ina riƙe da ita, ina kallo, katakon ya buɗe baki daga gindin jaki har ƙasa, tsaga doguwa wadda ina hango duhun cikinta.

A nan ne masu ƙarin gishiri suke cewa na yi ihu, na yi zagi. Wallahi ban ɗaga murya ba. Abin da ya fita daga bakina shi ne inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna daɓas a ƙasa da babbar rigar ɗaurin aure. Mahaifiyarku ce ta ɗora hannu a ka, maganar ta kuɓuce mata.

"Wayyo Baba! Ta marigayi yayansa ce fa! Ita kaɗai ya bar masa!"

Na ga murmushin ya mutu a fuskar tsohon. Ya dubi yatsansa, ya dubi tsagar, ya dube ni a ƙasa. Wannan mutum ya san abin da ake nufi da a ce abu ɗaya ya rage wa mutum, don shi ko ɗayan bai rage masa ba. Ya juya ya shiga ɗaki. Da magariba na aika mahaifiyarku ta gaya masa ba komai, ƙaddara ce, kuma ana gyarawa. Ta dawo ta ce ya ce to. Abincin da aka kai masa haka aka ɗauko shi.

Washegari da safe na ɗauki jitar zuwa Mararaba, wurin wani ɗan kudu da yake gyaran kayan kiɗan coci a wani shago bayan tasha. Ya juya ta, ya shinshina, ya kalle ni.

"Oga, wa ya gasa wannan? Suya ne?"

Na ce masa ba labari na zo ba, zai gyaru ko ba zai gyaru ba?

"Zai gyaru, amma ba yau ba. Ka saki waya duka. Ka sa shi cikin akwati da soso mai ruwa kaɗan, ka bar shi kamar wata ɗaya, katako zai sha, bakin zai haɗu da kansa. Sai ka kawo, ni sa gam, ni sa faci daga ciki. Amma Oga, ka ji ni da kyau. Gam na ƙasan wannan," ya taɓa jakin, "ya dahu. In ka ja waya yanzu, zai tashi da katako gaba ɗaya. In ya tashi, kar ka kawo mini, ba ni da aiki a kai."

Ya sassauta tsirkiyoyin a gabana. Na fito da ɗan sanyi a zuciya, ina sauri in kai wa tsoho albishir. Na tarar da mahaifiyarku a bakin get ba ko mayafi. Ta leƙa kasuwa ta dawo, ɗakin kakanku wayam. Ya naɗe tabarma, ya share ɗakin, ya ninke rigunan da muka ɗinka masa ya ajiye a kan katifa. Ko maganinsa bai ɗauka ba. Butarsa kawai ya tafi da ita. Na tsaya a tsakiyar ɗakin nan, na ji abin ya fi na jiya dukana. Jiya katako ne ya tsage. Yau tsoho ne mai ciwon ƙirji ya koma ƙarƙashin tamfol, ga hadari yana haɗuwa ta gabas.

Ba mu sha wahalar nemansa ba, Kuchigoro ya koma, bukkar wani ɗan garinsu. Mahaifiyarku ta je ta yi kuka, ta yi magiya, ya ƙi. Ta koma da magani, ya karɓa don kada ya kunyata ta, amma ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka Karu ba. Na tambaye ta me ya ce daidai, kada ta rage mini.

"Ya ce ya shigo gidan mutum hannu wofi, abu ɗaya da ya ce ya iya, da shi ya yi kisa. Ya ce ba zai iya kwana yana jin shirun bangon nan ba."

"Kin gaya masa za a gyara?"

"Na gaya masa. Ya ce haka ake gaya wa yara in tsuntsunsu ya mutu."

Ruwa ya dawo kamar da gayya. Kullum ta je ta dawo sai ta ce tarin ya ƙaru, tabarmarsa a jiƙe, yana kwana a zaune. Na lissafa a raina: katako yana neman wata guda, ƙirjin tsoho ba shi da wata guda. Kuma na gane ba magana yake so ba. Makaɗi ne, kunnensa kawai yake yarda da shi. Na buɗe akwatin na daɗe ina kallon wurin da hannun Yaya Sale ya koɗar. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye, kuma na ji haushin duniya gaba ɗaya, har da shi tsohon da taurin kansa. Sannan na cire soson na jefar, na ce wa mahaifiyarku ta ɗauko mayafi.

Mun isa da hantsi, ruwa ya ɗan tsagaita, ko'ina taɓo. Yana zaune a bakin bukka an lulluɓa masa bargo. Da ya gan ni da akwati sai ya kau da kai. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ciki-ciki. Aka ba ni benci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ni da ban taɓa shan ruwa a gaban surukina ba, na zauna a gabansa, a gaban mutanen garinsu, da furfurata da hulata, na ɗora jita a cinya.

"Baba," na ce, "an ce ka ce ta mutu. Na kawo ta ta gaishe ka."

Na fara ɗaure tsirkiyoyi. Duk murɗawa ɗaya sai na ji katakon yana ɗan kuka a jikin cikina, ina kallon jakin ta wutsiyar ido, ina salati a zuci. Na roƙi Allah abu ɗaya, in za ta tashi kada ta tashi a gabansa. Ta riƙe. Na kaɗa wani tsohon kiɗa da Yaya Sale ya fi so. Muryarta ta fito, ba toshewar nan ta damina, sai dai tsagar tana ba ta wata 'yar ziza a ƙasa. Mata suka fito daga bukkoki suka tsaya. Tsohon bai juyo ba da farko. Can na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Can ya jawo wata jarka da ba ruwa a ciki ya kifa ta tsakanin ƙafafunsa, ya shiga bina. Ban taɓa jin kiɗansa ba sai ranar. Jama'a, ashe haka mutumin nan yake! A kan jarkar roba, da bargo a kafaɗa, ya sa wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa tana share hawaye.

Da muka tsaya ya yi tari mai tsawo, ya goge baki.

"Wannan zizar da take yi," ya ce, "mu da gangan muke sa wa ganga."

"To ka ga ka ƙara mata, Baba."

Sai ya ce wa 'yarsa, "Ɗauko mini butata."

Niyyata in faki ido in sassauta tsirkiyoyin kafin in rufe akwati. Bai ba ni dama ba. Ya karɓe ta daga hannuna da hannu biyu, ya goge mata fuska da gefen bargo, ya kwantar da ita, ya rufe, ya ɗauka da kansa har mota ya sa a but. In na ce a buɗe in saki waya, zai tambayi dalili, kuma dalilin shi ne abin da na zo ɓoyewa. Na ja bakina na tada mota. Shi da mahaifiyarku suna baya.

Mun hau babban titi, rana ta fito, motar ta ɗau zafi. Muna cikin tafiya sai muka ji shi daga baya, ƙara ɗaya mai ƙarfi kamar an karya busasshen reshe, tsirkiyoyi suka yi kuka tare suka yi shiru. Sitiyari ya kusa ƙwace mini. Na ji abin har cikin haƙorana. Ta madubi na ga mahaifiyarku ta toshe baki da mayafi. Na ga tsohon ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba. Ga mahaɗa a gabanmu inda mota take iya juyawa, kuma na san kalma ɗaya zai faɗa in koma da shi.

"Alhaji," ya ce, "mene ne ya yi ƙara?"

Titin nan sumul yake, ko tsakuwa babu a kansa.

"Dutse ne taya ta harba, Baba."

Muka wuce mahaɗar ba wanda ya yi numfashin kirki. Ya dube ni ta madubi, na dube shi, karo na farko da idanunmu suka haɗu tunda na auri 'yarsa.

"To," ya ce. "A bi a hankali."

Da muka iso gida ya ɗauki butarsa, bai kalli but ba, ya shiga ɗakinsa ya ce a ɗora masa ruwan zafi. Ni kaɗai na buɗe akwatin daga baya. Jakin ya tashi da katako kamar faɗin tafin hannu, har da wurin da ya koɗe. Ban koma Mararaba ba, mutumin ya riga ya gaya mini. Kakanku bai taɓa tambayata ina take ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba, kuma bai sake naɗe tabarmarsa ba. A ɗakin nan ya yi sauran shekarunsa, a nan ya cika, a kan katifa busasshiya, kansa a cinyar 'yarsa.